Teburin da Ya Ƙi Bushewa

Ranar Alhamis ce, bayan la'asar. Ina tsugune a ƙofar madafi ina tankaɗen garin tuwo, 'yata tana barci a bayana, sai ƙanen maigidana ya yi sallama. Ban ɗago kai ba, don na saba da shigowarsa. Shi ne autan ɗakinsu, yana bin wata babbar mota tsakanin Gumel da Maigatari, kuma duk ranar kasuwa sai ya biyo ta gidanmu ya ce in fito masa da naman da na ɓoye wa wansa. A ranar bai ce komai ba. Da shirun ya yi tsawo na duba, sai na ga jakar maigidana a hannunsa, wadda yake zuba burushi da gwangwanayen fenti a ciki.

Na ce, "Auta, ina mai jakar?"

Ya ajiye ta a gindin bango, ya tsuguna nesa da ni. "Matar Yaya, sai haƙuri."

Sanƙarau ne, in ji shi. Bazara ce, ciwon yana yawo a shekarar. Maigidana ya tafi Maigatari zai yi wa wata mota ado, sana'arsa ke nan, fentin motoci da allunan kantuna. Ciwon kai ya kama shi da yamma, wuya ya ƙage, kafin gari ya waye ya cika. Da hantsi aka yi masa sutura a can.

Ban yi kuka a lokacin ba. Abin da na fara tambaya shi ne me ya sa ba a aiko mini ba, tunda Gumel da Maigatari ba wata tafiya ba ce. Ya ce mutanen da ke wurin sun ce kada a ɗaga shi, saboda irin ciwon. Na ce waɗanne mutane. Ya ce mutane dai. Ban ga ciwonsa ba, ban ga gawarsa ba, jaka kawai aka kawo mini. Duk wanda ya yi mini magana a watannin da suka biyo baya, sai in riƙa neman abin da ya rage bai faɗa ba.

Sai na yi bayanin teburin kafin in ci gaba. Bayan na haihu, bayana ya riƙa ciwo, in na daɗe a duƙe sai miƙewa ta gagara. Maigidana kuwa ya taɓa yin fenti a gidajen ma'aikata, ya ga yadda kuku ke aikinsa a tsaye a gaban wani dogon katako. Ya tara ragowar katakon bodin mota, ya kai wa kafinta, aka haɗa masa tebur mai tsayi daidai ƙuguna, ya jingina shi da bangon madafi. Ya shafe shi da shuɗin fenti. Sannan duk yammacin da ya samu sarari ya tsaya yana yi masa ado irin na jikin mota: furanni ja da rawaya a hannun dama, ganye yana bin gefe, a hannun hagu kuma farar saniya tana tsaye ita kaɗai. Na ce masa wa ya taɓa ganin saniya a wurin yanka albasa. Ya ce in bar masa saniyarsa.

Ya hana ni ɗora komai a kai. Ya ce fenti shi kaɗai ba ya jure ruwan zafi da wuƙa da gindin tukunya, sai an bi shi da banish, wannan ruwan da kafintoci ke shafa wa katako ya bushe yana ƙyalli kamar gilashi. Ya ce zai sayo a Maigatari, don wanda ake shigowa da shi daga tsallaken iyaka ya fi kyau. Ya rufe teburin da tsohon mayafina ya tafi. Da na iya buɗe jakar, bayan kwanaki, na ga gwangwanin a ciki.

Surukata ta iso washegarin labarin, daga rugarsu ta wajen Sule Tankarkar. Bafulatana ce, doguwa, siririya, tana jin Hausa sarai amma ba ta ɓarnar ta. Fari ya cinye musu shanu saura kaɗan, shi ya sa 'ya'yanta maza suka shigo gari. Ta zo da ƙwarya a ka, da sanda, da wani ɗan ƙoƙo mai murfi da ta ƙulle a tsumma. Ta ce za ta zauna da ni har in fita takaba. Mahaifina ya aiko daga Gagarawa cewa hakan ya yi daidai.

Idonta a bushe yake. Masu gaisuwa suna cewa, "Inna, ya haƙuri?" tana amsawa da muryar da za ta amsa wa mai tambayar ya rana. Maigidana shi ne ɗanta na fari. Na san ana kunyar ɗan fari, mu ma muna yi, ni kaina ba na kiran sunan 'yata. Amma tasu ta wuce tamu. Tun da aka kawo ni ban taɓa jin ta ambace shi ba sai dai ta ce "wancan." Ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. In ya kawo mata goro sai ta ce a ajiye can. Auta kuwa har kansa take shafawa a gaban mutane. Na ɗauka mutuwa za ta sassauta wannan. Da na ga ba ta sassauta ba, sai zuciyata ta ce mini ko da ma can ba kunya ba ce.

A kwanakin zaman makoki madafin ya fita daga hannuna. Mata suna ta dafa wa baƙi, ni ina ɗaki. Da mutane suka ragu na shiga, na tarar an ture mayafin gefe, wata ta sauke tukunya mai zafi a kan furannin. Gindinta ya bar baƙin zobe, fentin ya kumbura a wurin. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar Alhamis. Motocin da ya yi wa ado suna can suna bin hanyoyin da ba zan taɓa bi ba. Wannan teburin shi ne aikin hannunsa da ya rage a inda nake. Na ga in ban rufe shi da banish ba, kafin damina ta wuce zai tafi shi ma.

Da Auta ya zo na tambaye shi yadda ya ga wansa yana yi.

Ya ce, "Ke za ki shafa? Da hannun da bai san komai ba sai muciya?"

"Hannun da ke ciyar da kai."

Ya yi dariya, ta farko tun rasuwar, sannan ya ji nauyi ya haɗiye ta. Ya ce in goge ƙura da busasshen tsumma, in shafa siriri, burushi ya bi hanya ɗaya, kada in koma inda na wuce. Ya ce kada in hura wuta a madafin sai ya bushe, don toka da hayaƙi suna maƙalewa.

Na mayar da murhu tsakar gida. Da safe, bayan na yi wa yarinya wanka, na shiga na yaye mayafin. Ina gogewa na ji tsumman yana santsi, amma na ɗauka haka fentin mota yake. Na fara daga hannun dama, wajen furanni. Tun ina shafawa na ga abin ba daidai ba. Banish ɗin ya ƙi kwanciya, yana tattaruwa ɗigo-ɗigo kamar gumi a goshi. Na ƙara, ya ƙara tattaruwa. Da na kai tsakiya na tsaya, ban taɓa gefen saniya ba.

Washegari na ɗora yatsa ya maƙale. Na bari ya ƙara kwana, haka. Mako ya zagayo yana nan da danƙo kamar maɗi. Ƙudaje suka sauka suka mutu a kai, ƙura ta kwanta ta zama ƙasa-ƙasa, kiyashi suka ja layi daga gindin bango suna hawa ƙafar teburin. Furannin suna ƙasa ana ganinsu dishi-dishi.

Wanda na fara zargi Auta ne. Jakar ta wuni a hannunsa a Maigatari, kuma yaran mota ba su rasa abin sayarwa. Da ya shigo na nuna masa teburin, na ce, "Gwangwanin nan, haka ka same shi?"

Ya dube ni. "Kamar yaya?"

"Tambaya na yi."

"Matar Yaya, kina nufin na sha rabi na cika da ruwa?"

Ya so ya mayar da ita wasa, amma fuskata ba ta ba shi hanya ba. Ya jawo 'yar kujerar da nake zama in yi wanke-wanke, ya tsoma burushi, ya shafa mata. Ya kwanta lafiya lau, ba ɗigo ko ɗaya. Washegari ya dawo, ya ƙwanƙwasa kujerar da farce a gabana, ta bushe tana sheƙi. Ya gaida uwarsa ya fita. Ranar kasuwa ta gaba bai biyo ta gidanmu ba.

Ashe laifin ba a gwangwani yake ba, a teburin yake.

Ina da maƙwabciya, katanga ɗaya ta raba mu, ƙuli-ƙuli take yi, ta girme ni nesa. Ta shigo aron rariya na kira ta madafin. Ba ta kula gefen danƙon ba. Gefen da ban shafa ba ta nufa, ta ja yatsa a kan shuɗin, ta kai hanci.

Ta ce, "Mai ne."

"Na gyaɗa? Ko masu dafa abincin makoki ne suka zubar?"

"Ni za ki koya wa man gyaɗa? Da warinsa nake kwana nake tashi. Wannan na shanu ne. Kuma ba na makoki ba ne, sabo ne, ga shi a yatsana." Ta leƙa tsakar gida, ta rage murya. "Wa ke da man shanu a gidan nan, a bazarar da ko nono ya gagara?"

Ta san na sani.

"'Yar nan, da shi ake kwaɓa magani. A shafa inda hannunki zai taɓa, inda abincinki zai sauka. Ke yarinya ce, ga ɗiya a goye, ga ƙane ba shi da mata. Kina tsammani za su so ki kwashe ki koma Gagarawa? A'a, a ɗaure ki tun kina cikin takaba, ranar fita ki ji ba inda kike so sai nan." Ta ɗauki rariyar. "Ni dai ban ce komai ba."

Bayan ta fita abubuwa suka riƙa jeruwa a kaina. Ɗan ƙoƙon nan na Inna, ban taɓa ganin ta buɗe shi a kan abinci ba. Tuwo gaya-gaya take ci da miyar kuka, ba ta taɓa cewa ga mai a ɗiga ba, ko don yarinya. Na tuna wasan Auta na da, wanda duniya ta san wasa ne tsakanin ƙanen miji da matar wa, sai na ji kamar da wata manufa a ƙasansa. Na tuna gaggawar da aka yi da gawa. Na tuna busasshen idon tsohuwa. Duk abin da na ɗauko sai ya shiga wurinsa daidai.

Na daina shan furar da take damawa. Takan miƙo mini ƙwarya in ce na ƙoshi. Ta lura, ba ta tambaya ba, ta riƙa shanye abinta. In ta miƙa hannu za ta ɗauki yarinya sai in ce barci take ji. Muna gida ɗaya, muna salla kusa da juna, amma ina ƙirga motsinta.

Na wanke gefen saniya da sabulu har tsumma ya daina santsi. Bayan kwana biyu ya dawo yana naso. Na zauna na yi tunanin yaushe ake yi. Mai takaba ba ta zuwa ko'ina, idona yana kan ƙofar madafin tun asuba. Lokaci ɗaya ne nake kau da kai, bayan azahar, sa'ad da zafi ke kwantar da kowa, ni ma in shiga ɗaki in kwanta da yarinya.

Ranar na shiga kamar kullum, na saki asabari, na zauna a bayansa ina kallo ta tsakanin karare. An daɗe tsakar gida ba motsi sai kaji a gindin randa. Can Inna ta fito daga ɗakinta da ƙoƙon a ƙarƙashin mayafi. Ta tsaya ta dubi ƙofata, ta dubi zaure. Ta shiga madafin da saurin da ban san tana da shi ba.

Na zare ƙirjina daga bakin yarinya, na fita ba takalmi. Madafin yana da 'yar taga ta fitar hayaƙi a gefe, na tsaya a nan.

Ta naɗe mayafin zuwa tsakiya. Ta buɗe ƙoƙon, ta lakato abin da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, ta murza a tafin hannu har ya narke. Ta fara da bakin katakon, inda zafi ya soma buɗe shi, tana cusawa da babban yatsa. Ta bi shuɗin a hankali. Sannan ta zo kan saniyar. Daga wuya ta fara, ta hau tozo, ta gangara baya, da tafin hannu gaba ɗaya, yadda ake yi wa dabba mai rai. Leɓunanta suna motsi da Fulatanci, ni kuwa ban wuce gaisuwa ba a harshen.

Na san wannan shafar. Haka take yi wa sandarta, haka take yi wa ƙoren nononta in sun bushe. Duk da haka ban sake ba, don mai magani ma da hannu yake shafawa, kuma shi ma bakinsa yana motsi.

Na zagayo ta ƙofa. Na ce, "Inna."

Ba ta firgita ba. Sai da ta kai hannunta ƙarshen bayan saniyar sannan ta ɗauke.

"Me kike shafawa?"

"Mai."

"Na mene ne?"

"Na shanu. Wani mai nake da shi?"

"Don me, nake nufi."

"Katako ne, zafin nan zai tsaga shi. Ku mutanen gari sai ku bar itace da ƙishirwa. Ga sandata can, ta girme ki. Je ki duba ko ta tsage."

Na ce, "Shi ya hana banish ɗin bushewa. Ba ya kama inda mai ya taɓa."

Ta juya ta dubi gefen danƙon, da matattun ƙudajensa. Ta daɗe tana dubawa. "Wannan abin mai wari? Ni na ɗauka a gwangwaninsa ya ruɓe."

"Tun yaushe kike yi?"

"Tun da na ga an sauke masa tukunya."

"Me kike faɗa da Fulatanci?"

"Ba da ke nake ba."

Ta rufe ƙoƙon, ta ɗaure tsummansa. Na ɗauka ta gama. Har ta kai ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce, "Ƙahon ma ya yi gajere, nata ya fi haka buɗewa. Kuma kunnen hagu ne a tsage, ba na dama ba. Wanda ya yi shi ya manta. Yaro ne lokacin."

Da ta fita na duƙa na duba. A kunnen saniyar na dama akwai wata 'yar tsaga, bakin burushi sau ɗaya. A gabana aka yi saniyar nan, na kuma wanke ta da hannuna, ban taɓa gani ba.

Na aika wa Auta cewa uwarsa tana nemansa, ko da yake ba ta ce ba. Da ya zo na ajiye masa kwano da tsoka a sama. Ya ci, ya ce gishiri ya yi kaɗan, na san mun shirya. Na tambaye shi saniyar. Ya ce shi bai tarar da ita ba, labarinta ya ji. Ita aka ba wansa ranar suna tana karsana, kamar yadda suke yi, duk shanun da aka taɓa kira nasa daga cikinta suka fito. Na ƙarshensu fari ya ɗauke.

Da na gaya wa maƙwabciyata, taɓe baki ta yi. "To me kike so ta ce? Ta ce miki e, magani ne?" Ba zan ce maganarta ba ta taɓa ni ba. Na koma shan fura, amma na daɗe ina bari sai Inna ta kai ludayi bakinta tukuna.

Auta ya je wurin kafintan da ya haɗa teburin ya dawo da bayani. Gefen danƙon ba zai taɓa bushewa ba, sai an cire shi da kananzir. Gefen saniya kuwa a yi ta wanke shi da sabulu da ruwan toka, a bar shi makonni ko ɗigon mai bai taɓa shi ba, wataƙila banish ya kama.

Muka fitar da teburin inuwa. Ya jiƙa tsumma da kananzir ya fara murzawa a hankali. Danƙon ya taso, amma bai taso shi kaɗai ba. Na ga tsumman ya yi ja, ya juya shi, ya yi rawaya. Inda tukunya ta ƙona ya fara saɓulewa, sauran suka bi. Na ce ya dakata, ya ce in ya dakata a nan ya fi muni. Kafin mu gama furannin sun tafi, saura farin katako da dabbare-dabbaren shuɗi, da ganye biyu-uku a can gefe.

Ya jefar da tsumman. "Da yana nan da ya kore mu daga gidan da burushi."

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta ta ba mu baya tana saƙar faifai. Tun da muka fara har muka gama ba ta waiwayo ba.

Saura rabi, kuma ceton rabin yana wurin hana ta shafawa. Na ce wa Auta ya gaya mata.

"Ni? Ke dai ki gaya mata."

"Uwarka ce."

"Shi ya sa."

Na gwada haɗa maganar a zuciyata na kasa. In na ce ta bari, za ta ce ai katako ne, me ya dame ta, kuma ba za ta sake shiga madafin ba har ta bar gidan. Sai na zaɓi in yi ba da baki ba. Na wanke gefen saniya yadda aka ce, na rufe da mayafin, na zagaye teburin da igiya na ƙulle tamau.

Bayan azahar ina bayan asabari. Inna ta fito, ta duba, ta shiga. Ba ta daɗe ba ta fito. Ba ta koma ɗaki ba, ta zauna a gindin bangon madafin, inda inuwar ba ta kai tsawon ƙafa ba, ƙoƙon a cinyarta. Haka ta zauna har aka kira la'asar. Da na kai mata tuwo ta ce ba ta jin yunwa. Washegari ba ta ma shiga ba, ta zauna a wurin dai. Kwanon ya dawo yadda na kai shi.

Na yi ta shawara da kaina. Wata zuciyar tana cewa dabara ce, ta san ina kallo. Wata tana cewa ni ina da kuka, ina da masu zuwa su ce mini ya haƙuri in sunkuyar da kai, ina da takaba da kowa ya san ta wane ce. Ita kuwa ba ta da ko sunan da za ta kira. Na duba girman ƙoƙon na ce mai nawa ya rage a ciki, in ya ƙare shi ke nan, in wanke in shafa.

Na kwance igiyar da safe, na rataye ta a inda za ta gani. Da azahar ta yi na kwanta na juya fuskata bango.

Man ya ƙare kafin ruwan farko, na yi hamdala a ɓoye. Na soma wanki. Sai ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, wata 'yar'uwarta ta zo daga ruga gaisuwa, ta kawo mata sabon curin man shanu a cikin ƙwarya. Wannan karon ta yanki kaɗan ta sa wa yarinya a kunu. Sauran na san inda ya tafi.

Na fita takaba damina ta yi tsakiya. Maganar auren ƙane ba wanda ya taɓa tayar da ita, daga Inna har Auta. Maƙwabciyata ta ce ai don na farga da wuri ne. Ranar da Inna za ta koma Sule Tankarkar ta ɗauki yarinya ta daɗe tana riƙe da ita, ta mayar mini, ta ɗora ƙwaryarta a ka. A zaure ta ce, "Kada ki bar shi a rana." Ba ta ce mene ne ba.

Auta ya roƙi direbansu aka ɗora mini teburin a saman kaya har Gagarawa. A gidanmu na yi ta wankewa, da sabulu, da ruwan toka, na bar shi ya sha iska har kaka. Wani kafinta na can ya gwada mini a kusurwa ɗaya. Ya tattaru ɗigo-ɗigo. Ya danna farce a shuɗin, farcen ya shiga. Ya ce man ya bi tsagogi ya shige ƙarƙashin fenti, katakon ya sha, ko shekara nawa zan yi ina wanke sama ba zai fito ba. Ragowar banish ɗin ya yi fata a gwangwani, daga baya ya daskare.

Katakon bai tsage ba, wannan kam gaskiyar Inna. Saniyar tana nan, ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, fentin yana ɓamɓarewa daga ƙafafu, kowace shekara kaɗan. Ba na yanka komai a kanta. Inna ta rasu bayan 'yan shekaru, na je gaisuwa. Na so in tambayi wata daga cikin matan rugar ma'anar kalmomi biyu da na riƙe daga abin da na ji ta taga, sai na ga ban tabbata na riƙe su daidai ba.

Gefen dama, inda muka goge da kananzir, har yau farin katako ne. An sha ce mini in kira mai fenti ya mayar da furannin. Ban kira ba tukuna.